Yadda ake kunna ERK a ƙwayoyin jijiya da yadda ake auna shi

Tambaya guda ce ta fi yawa a cikin saƙonnin ɗalibai masu bincike kan ƙwaƙwalwa: an zuba wa ƙwayoyin jijiya furotin BDNF domin ya kunna ERK, enzayim mai isar da saƙo a cikin ƙwaya, an yi Westan bulot, gwajin da ke nuna furotin a matsayin tabo a kan takarda, amma me ya sa tabon ƙwayoyin da aka tayar da na waɗanda ba a taɓa ba duk kamarsu ɗaya? Galibi laifin ba na jel ɗin da ke rarraba furotin ba ne, ba kuma na antibodin da ke gano ERK ba. Aikin ya riga ya lalace tun a 'yan mintocin da ke tsakanin fito da faranti daga inkubeta da fasa ƙwayoyin.

Ga dalili a taƙaice. Saƙo yana shiga ƙwayar jijiya ya bi ta jerin furotin: ya kunna Ras, Ras ya kunna Raf, Raf ya kunna MEK1 da MEK2, su kuma su liƙa wa ERK fosfet a gurabe biyu. A ERK1 na mutum gurabun su ne Thr202 da Tyr204, a ERK2 kuma Thr185 da Tyr187. Sai fosfet ya hau dukkan gurabun biyu ERK yake kama aiki sosai, kuma wannan siffar ce ake kira pERK. A lokaci guda akwai enzayim masu cire fosfet ɗin, irin su DUSP6 da STEP da PP2A, kuma ba sa hutawa. Abin da kake aunawa shi ne inda wannan ja-in-ja ya tsaya a daƙiƙar da ka fasa ƙwayar. Duk matakan da ke ƙasa an tsara su ne don kada hannunka ya sauya sakamakon.

1. Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Za ka buƙaci ƙwayoyin jijiya da aka rena a faranti mai ramuka shida, abin tayarwa, maganin toshe MEK wato U0126, bafar fasa ƙwayoyi (bafa ruwan sinadari ce mai riƙe pH) da magungunan hana cire fosfet, kayan auna furotin na BCA, jel na kashi 10 cikin 100, takardar PVDF ko naitiroselulos, hodar BSA (furotin na jinin shanu), bafar TBST, da antibodi guda biyu: ɗaya mai gane pERK kaɗai, ɗaya mai gane ERK duka ko da fosfet ko babu. Na Cell Signaling Technology masu lamba 4370 da 4695 an daɗe ana aiki da su, dukansu na zomo ne, wato daga zomo aka samo su. Idan na'urarka tana karanta launi biyu, ɗauki 4696, wanda na ɓera ne, a madadin 4695.

Mafi tsada su ne antibodi da BDNF da B27, ƙarin abincin da ake zuba wa ƙwayoyin jijiya. Antibodin da aka tsarma a BSA ana iya sake amfani da shi sau da dama in an ajiye a digiri 4. BDNF kuwa ka narka shi da ɗan BSA na kashi 0.1 saboda yana manne wa jikin roba, ka raba ƙanana-ƙanana, ka daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili. Wanda aka narkar aka sake daskarar sau da yawa yana rasa ƙarfi. Wurin da bai kamata a yi tsimi ba shi ne magungunan hana cire fosfet. Suna cikin masu arha a jerin, kuma rashinsu ne ke cinye duk sauran kuɗin.

2. Renon ƙwayoyin

A bisa al'ada ana ɗauko hifokamfas (wani sashe na ƙwaƙwalwa) ko ɓawon ƙwaƙwalwa daga tayin ɓeran gwaji babba a kwana na 18 na ciki, ko ƙaramin ɓera a kwana na 15 zuwa 16. Wannan sai da izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji na cibiyarka. A shafe ramukan da poly-D-lysine domin ƙwayoyin su manne, a zuba ƙwayoyi kimanin miliyan ɗaya a kowane rami, cikin mililita 2 na ruwan abinci na Neurobasal mai B27.

Shekarun ƙwayoyin suna da tasiri. Idan BDNF ne abin tayarwarka, ƙwayoyin kwana 7 ma suna amsawa. Idan kuwa kana son ganin ERK da aikin mahaɗar jijiyoyi, wato wurin da ƙwaya ke miƙa wa wata saƙo, ya kunna, sai ka jira kwana 12 zuwa 14 ko fiye, lokacin da mahaɗun suka nuna.

Hattara da ƙwayoyin giliya, masu tallafa wa ƙwayoyin jijiya. Su ma suna da ERK, kuma suna hayayyafa, yayin da ƙwayoyin jijiya ba sa yi. Faranti da suka mamaye zai ba ka tabo mai kyau wanda ba na ƙwayoyin jijiya ba ne. Ana rage su da AraC, mikiromola 1 zuwa 5, a wajen kwana na 3 ko na 4.

3. Kwantar da su kafin a taɓa su

Nan ne mafi yawan gwaje-gwaje ke mutuwa. Ƙwayoyin da suka nuna suna harba saƙo da kansu ba tare da an sa su ba, kuma B27 yana ɗauke da insulin. Dukkan biyun suna ɗaga pERK tun kafin ka zuba komai. In matakin farawa ya riga ya yi sama, ƙarin da BDNF zai kawo ba zai fito ba, tamkar kunna fitila da tsakar rana.

Hanyar da aka saba ita ce zuba TTX mikiromola 1 don tsayar da harbin saƙo, a haɗa da APV mikiromola 50 zuwa 100 don toshe makarɓan NMDA (furotin da ke fatar ƙwaya masu karɓar gulutamet, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi), a bar su awa biyu ko su kwana. Wasu suna ƙara da sauya ruwan zuwa wanda babu B27 na 'yan awanni. Kada a wuce gona da iri a nan: ƙwayoyin jijiya ba sa jure rashin B27 na dogon lokaci, kuma TTX na kwana ɗaya ko biyu yana sa su ƙara ƙarfin mahaɗunsu don cike giɓi, wato ka sauya abin da kake son aunawa.

Dole abin kwantarwa ya dace da tambayarka. Wanda zai tayar da ƙwayoyin da maganin bikukulin (duba mataki na 5) ba zai bar TTX a ramin ba, domin bikukulin yana aiki ne ta hanyar harbin saƙo. Wanda zai gwada NMDA ba zai bar APV ba. Abu ne a fili, amma ana yawan faɗawa.

TTX guba ce mai kisa ko da kaɗan ce. Safar hannu, rigar ɗakin gwaji, da zubar da shara bisa ƙa'idar cibiyarka.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan mataki: sauya ruwan abinci shi kansa yana kunna ERK. Sabon ruwa, canjin zafi, da ƙarfin fesowar fifet duk suna taɓa ƙwayoyin. Saboda haka duk wani sauyin ruwa a gama shi aƙalla awa biyu kafin gwaji, sannan a bar farantin ya huta.

4. Tsara ramuka

Mafi ƙarancin abin da ake buƙata huɗu ne: ramin kwatanci, wanda aka zuba wa ruwan narkarwa kawai, ramin abin tayarwa, ramin U0126 da abin tayarwa, da ramin U0126 shi kaɗai. U0126 ana narka shi a DMSO zuwa milimola 10. Mikirolita 2 a cikin mililita 2 zai ba ka mikiromola 10, DMSO kuma kashi 0.1, wanda shi ne iyakar da ya kamata a tsaya. A zuba minti 30 kafin tayarwa, kuma sauran ramukan su sami DMSO daidai wannan adadi. Idan tabon bai ɓace ba a ramin U0126, to ko maganin ya lalace, ko abin da kake gani ba pERK ba ne.

U0126 yana taɓa MEK5 ma, don haka in sakamakon zai ɗauki nauyin babbar magana, a maimaita da wani maganin, kamar PD0325901. Akwai kuma U0124, ɗan'uwansa da ba ya toshe MEK, wanda ake amfani da shi don kwatanci.

5. Tayarwa

Hanyoyi uku aka fi bi, kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

BDNF, nanogiram 50 a kowace mililita, yana kama makarɓin TrkB. Shi ne ya fi ba da amsa mai ƙarfi da tabbas, shi ya sa ya dace da wanda ke gwada hannunsa a karon farko. In ajiyarka mikirogiram 100 ce a mililita, mikirolita 1 ya ishi rami mai mililita 2. Kada ka ɗiga wannan ɗigon kai tsaye, ba zai gauraya ba. Ɗebi mikirolita 200 daga ruwan ramin, ka gauraya a ƙaramin bututu, ka mayar a hankali ta gefen rami. Ramin kwatanci a yi masa haka sak, ban da BDNF.

KCl, milimola 50 zuwa 55, yana rage cajin fatar ƙwayar, ƙofofin kalsiyam nau'in L su buɗe, kalsiyam ya kwarara. Nimodifin yana toshe wannan hanya. Sai dai ƙara gishiri mai yawa haka yana sauya kaurin ruwan, don haka ramin kwatanci ya sami NaCl daidai adadin, ko a yi amfani da haɗin da aka rage masa sodiyam.

Hanya ta uku ita ce ta makarɓan NMDA, kuma ita ce ke ruɗa mutane. Kalsiyam da ya shigo ta waɗannan makarɓai yana kunna Ras ta hanyar RasGRF, kuma CaMKII yana janye SynGAP, wanda aikinsa kashe Ras ne. Amma wurin da makarɓin yake yana da bambanci. Waɗanda ke cikin mahaɗa suna kunna ERK, waɗanda ke wajenta kuwa suna kashe shi. In ka zuba gulutamet ko NMDA mai yawa a cikin ruwa, misali mikiromola 100, ka kunna duka biyun, sai pERK ya ɗan tashi ya faɗi, ko ma ya sauka ƙasa da inda ya fara, ƙwayoyin kuma su kama hanyar mutuwa. Mai son na mahaɗa zalla ya yi amfani da bikukulin mikiromola 50, sau da yawa tare da 4-AP mikiromola 250. Bikukulin yana toshe makarɓan GABA-A, birki ya saki, ƙwayoyin su saki nasu gulutamet a mahaɗa.

Game da lokaci, kada ka dogara da lokaci guda. A gwajin farko ɗauki minti 5, 15, 30 da 60. Ƙololuwa takan zo tsakanin minti 5 da 15. BDNF yana riƙe ERK a kunne na tsawon lokaci, na gulutamet kuwa yakan sauka da wuri. Wanda ya duba a minti 60 kaɗai zai iya cewa babu abin da ya faru. Fara da mafi tsawo, wato na minti 60, sannan na 30, har zuwa na 5, domin duka su ƙare tare. Ya fi kyau kowane lokaci ya sami nasa faranti, saboda fitar da faranti ɗaya a kai a kai yana sanyaya ramukan da ke jira, ruwan kuma ya rasa iskar CO2.

6. Fasa ƙwayoyin

Komai ya kasance a shirye a kan ƙanƙara kafin lokaci ya cika: bafa, abin kankara, bututai masu lamba, santirifuj da aka riga aka sanyaya.

Bafar RIPA ta isa: Tris milimola 50, NaCl milimola 150, NP-40 kashi 1, diyoksikolet kashi 0.5, SDS kashi 0.1. Gab da amfani a ƙara sodiyam otobanadet milimola 1, NaF milimola 10 zuwa 50, beta-giliserofosfet milimola 10 zuwa 20, da magungunan hana narkar da furotin. Otobanadet yana kare fosfet na tairosin, NaF da beta-giliserofosfet suna kare na tiriyonin. ERK yana da duka biyun, don haka ɗaya ba ya wadatarwa. Otobanadet sai an kunna shi: a daidaita shi a pH 10, a tafasa har ruwan ɗorawar da ke jikinsa ya washe, a huce, a sake daidaitawa, a maimaita har ya tsaya fari a pH 10. In kana amfani da PMSF, ka sani yana lalacewa da sauri a cikin ruwa, sai a zuba a ƙarshe.

Lokaci na cika, ɗora farantin kan ƙanƙara, tsotse ruwan, wanke sau ɗaya da PBS mai sanyi, tsotse tas, zuba mikirolita 100 zuwa 150 na bafa, kankare. Daga inkubeta zuwa bafa kada ya wuce minti ɗaya. A bar bututan kan ƙanƙara minti 15 zuwa 20, a juya su a ƙarfin 14,000 g na minti 15 a digiri 4, a kwashe ruwan sama.

Akwai gajeriyar hanya da ta fi kare fosfet: zuba bafar Laemmli mai zafi kai tsaye a ramin. SDS yana kashe enzayim nan take. Illarta ita ce ruwan yana yin yauƙi saboda DNA, sai an kaɗa shi da sonika, kuma in da DTT ko makaptoyetanol a ciki BCA ba zai yi aiki ba.

7. Auna furotin, jel da canjawa

Wannan sashe bai bambanta da kowane Westan bulot ba. Auna da BCA, daidaita duka samfurori, haɗa da Laemmli, dafa minti 5 a digiri 95. Mikirogiram 10 zuwa 20 a kowane layi ya isa, domin ERK yana da yawa a ƙwaƙwalwa, kuma lodin da ya yi yawa yana haɗe tabon biyu su zama guda. ERK1 yana wajen kilodalton 44, ERK2 a 42, don haka a bar jel ya yi tafiya sosai su rabu. Akirilamaid da bai daskare ba guba ce ga jijiya, a kiyaye. A jiƙa PVDF da metanol kafin amfani, a canja a bolt 100 na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin sanyi, a duba da rinin Ponceau ko furotin ya koma kan takardar kafin a ci gaba.

8. Antibodi

Toshe takardar da BSA kashi 5 a TBST na awa ɗaya. Madara tana da kasin, furotin mai fosfet, wanda kan jawo duhun bango da antibodin fosfet. Akwai masu toshewa da madara su samu sakamako mai kyau, amma antibodin farko dai a tsarma shi a BSA. TBST ake amfani da shi daga farkon wannan mataki har ƙarshensa, ba PBS ba.

Antibodin pERK a tsarma 1:1000 zuwa 1:2000, ya kwana a digiri 4 yana lilo. Wanke sau uku, minti 5 zuwa 10 kowanne. Antibodi na biyu awa ɗaya, a sake wankewa. In kana zuba sodiyam azaid don adana antibodin farko, kada ya kusanci na biyu mai HRP, enzayim ɗin da ke sa tabo ya fito, domin yana kashe shi.

Ɗauki hoto a lokuta daban-daban, ka zaɓi wanda tabo mafi duhu bai cika ya ƙoshi ba. Tabon da ya ƙoshi yana ɓoye bambanci: ninki biyar sai ya fito kamar ninki biyu. Za ka ga tabon ƙasa, na ERK2, ya fi duhu. Haka yake a ƙwaƙwalwa, ba kuskure ba ne.

9. Jimillar ERK da lissafi

pERK ba shi da ma'ana sai an raba shi da jimillar ERK ta wannan layin. Raba shi da aktin ko GAPDH kaɗai ba ya bambanta ƙaruwar fosfet da ƙaruwar furotin ɗin kansa.

Kullum a fara da pERK, sannan a wanke antibodin ya fita daga takardar gaba ɗaya, a saka na jimilla. Bafar wankewa mai sauƙi: gilaisin giram 15, SDS giram 1, Tween 20 mililita 10, a pH 2.2, a cika lita ɗaya. Tunda tabon biyu a wuri ɗaya suke, ragowar siginar farko za ta shiga ta biyu ba ka sani ba. Bayan wankewa saka antibodi na biyu kawai ka haska. In tabo ya fito, ba ta wanku ba. Mai na'urar launi biyu ya huta da wannan, sai ya haɗa na zomo da na ɓera a takarda ɗaya.

Auna da ImageJ, ERK1 daban, ERK2 daban, a cire duhun bango. Ramin kwatanci ya zama 1, sauran a bayyana su a matsayin ninkinsa. Ramuka uku daga reno ɗaya ba maimaici uku ba ne. Maimaici na gaskiya shi ne reno daban daga ciki daban, kuma uku ne mafi ƙaranci.

10. Idan daga ƙwaƙwalwar dabba ne

Matsalolin nan duka suna ninkuwa. Kama dabba, sabon keji, allura da maganin sa barci duk suna sauya pERK, kuma bayan mutuwa fosfet yana canjawa cikin ɗan lokaci kaɗan. A saba wa dabbobin da hannu kwanaki kafin gwaji, a cire sashen da ake so a kan ƙanƙara, a jefa a ruwan naitirojin nan take. Wasu ɗakunan gwaji suna amfani da na'urar maikirowef ta musamman da ke kashe enzayim a cikin kai cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Yankakkun ƙwaƙwalwa kuwa, yankan kansa yana kunna ERK, sai an bar su sun farfaɗo awa ɗaya zuwa biyu. In ana son toshe MEK a dabba mai rai ta allurar jiki, SL327 ake ɗauka saboda yana ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, U0126 kuwa yawanci sai an zuba shi kai tsaye a ciki.

11. Daga tabo zuwa aikin ƙwaƙwalwa

Bulot yana gaya maka cewa ERK ya kunnu, ba ya gaya maka a ina. A rassan ƙwayar, ERK yana sa fosfet a ƙofar fotasiyam ta Kv4.2, abin da ke sauƙaƙa wa reshen amsa saƙo, yana taimaka wa shigar makarɓan AMPA cikin mahaɗa, kuma ta hanyar Mnk1 da eIF4E yana taɓa haɗa sabon furotin. In ya shiga cibiyar ƙwayar, yana kunna Elk-1 kai tsaye, ya kunna CREB a Ser133 ta hannun MSK1 da RSK, daga nan a soma haɗa furotin c-Fos da Egr1 da Arc. Wannan hanya ce ta sa toshe MEK yake raunana ƙarfafuwar mahaɗa mai ɗorewa a hifokamfas, kuma yake hana dabba riƙe abin da ta koya na dogon lokaci, alhali tunin ɗan gajeren lokaci yakan tsira.

Saboda haka in iƙirarinka ya shafi aiki, ƙara gwaji biyu. Na farko, rina ƙwayoyin: kafe su yadda suke da sinadarin PFA kashi 4 na minti 15 nan take bayan tayarwa, huda su da metanol mai sanyi ko Triton X-100, saka antibodin pERK tare da MAP2 ko NeuN don tabbatar da cewa ƙwayoyin jijiya ne, da DAPI don ganin cibiya. Na biyu, a takardar bulot ɗin nan duba pCREB, wato CREB mai fosfet, a minti 15 zuwa 30, c-Fos kuma a awa ɗaya zuwa biyu, da U0126 da babu shi. CREB yana samun fosfet daga PKA da CaMKIV ma, don haka kason da U0126 ya share shi kaɗai za ka iya jingina wa ERK.